Tambayoyi da amsoshi: yaushe birus ke mutuwa a jikin kayan da muke taɓawa a Maradi?

Na daɗe ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare a nan Maradi, kuma tun lokacin korona ba a daina yi mini irin waɗannan tambayoyi ba, a aji, a fada wajen shan shayi, har a cikin gida. Na tattaro waɗanda suka fi yawan dawowa. Abin da ya zaunar da ni na rubuta shi ne wata magana da ke damuna duk lokacin da na ji ta: "Ai ya bushe." Yaro ya yi atishawa a kan tebur, a ce ai ya bushe. Jini ya taɓa aska, a ce ai ya bushe. Alhali akwai cututtukan da bushewar nan ce ke adana su.

Malam, mene ne birus, me ya raba shi da sauran ƙwayoyin cuta?

Da Hausa duk "ƙwayar cuta" muke cewa, amma ba gida ɗaya ba ne. Akwai bakteriya, irin masu kawo kwalara da tarin fuka da sanƙarau mai zuwa da annoba. Waɗannan halittu ne masu ci, masu hayayyafa da kansu idan sun sami wuri. Birus kuwa ba ya iya ƙaruwa sai ya shiga cikin ƙwayar halittar jikin mutum ko dabba. A kan tebur ko mariƙin ƙofa ba ya haihuwa, raguwa kawai yake yi. Saboda haka duk maganarmu a nan a kan saurin raguwar ce. In na ce ya mutu, ina nufin ya lalace har ba zai iya kama kowa ba.

Birus ma iri biyu ne. Wasu suna sanye da riga ta maiƙo, kamar na mura mai tsanani da korona da ƙyanda. Rigar nan ita ce makaminsu, da ita suke shiga jiki, kuma ita ce rauninsu, don sabulu na narkar da ita. Wasu ba su da rigar, ɓawo ne mai tauri kawai, kamar rota mai sa yara zawo da birus ɗin shan inna. Su ne suka fi taurin kai a waje.

Me ake nufi in an ce laimar iska ta kai kashi kaza?

Iska tana ɗauke da tururin ruwa wanda ido ba ya gani, kuma akwai iyakar abin da za ta iya ɗauka. Iyakar tana tafiya da zafi: a digiri 10, mita ɗaya ta kowace fuska ta iska ba ta ɗaukar fiye da kusan gram 9 na ruwa, a digiri 30 kusan gram 30, a digiri 40 kuwa ta haura gram 50. In an ce laima kashi 50 ce, ana nufin iskar ta ɗauki rabin abin da za ta iya a wannan zafin.

Mu a Maradi muna ganin gefe biyun duka a cikin shekara guda. Da rana a Fabrairu da Maris laima takan sauka ƙasa da kashi 20, lokacin da leɓe ke tsagewa, ƙafa ta yi faso, wanki ya bushe kafin a gama shanya na ƙarshe. A Agusta kuwa, sa'ad da Gulbi ya kawo, takan wuce kashi 70. Ƙasashe da yawa ba su san irin wannan tazarar ba.

Ɗigon yawu ba ruwa ne kawai ba?

A'a. Mafi yawansa ruwa ne, amma a cikin ruwan akwai gishiri, akwai furotin, akwai abin da ke sa majina yauƙi, akwai kuma wani sinadari ɗan'uwan kanwa. Birus ba ya fitowa daga jikin mutum tsirara, a cikin wannan haɗin yake fitowa. Abin da zai same shi a kan tebur ya dogara da abin da ya sami haɗin.

To me ke faruwa idan ɗigon ya fara bushewa?

Wannan ita ce uwar tambayoyin, bari in tsaya a kanta sosai.

Duk macen da ke girki a garin nan ta san halin gishiri. Da rani yana nan garas-garas. A Agusta in an bar shi a buɗe sai ya jiƙe, ya dunƙule, har ya fara tsatsar da ruwa a gindin kwano. An auna abin: gishirin girki yana fara jan ruwa daga iska ya narke idan laima ta kai kusan kashi 75. Amma in aka biyo ta ɗaya hanyar, wato ƙaramin ɗigon ruwan gishiri ne yake bushewa, ba ya komawa tsakin gishiri a kashi 75 ɗin. Yakan jira har laima ta sauko wajen kashi 45. Tsakanin waɗannan lambobi biyu ɗigon yana nan a matsayin ruwa, sai dai ruwa ne ɗan kaɗan da gishiri ya yi wa mugun yawa.

Ku duba girman canjin. Ruwan jini yana da kusan gram 9 na gishiri a lita, yawu ma bai kai haka ba. Ruwan da ya ƙoshi da gishiri kuwa yana ɗaukar kusan gram 360 a lita, ninki 40 ke nan. Birus ɗin da ya saba da ruwan jiki sai ya tsinci kansa a cikin wannan, kuma ba gishiri kaɗai ke taruwa ba, duk wani sinadari da ke cikin ɗigon ƙarfinsa ƙaruwa yake yi. Furotin ɗin da ke jikin rigarsa ya canja siffa, ya daina aiki.

Daga nan hali uku ke fitowa. In laima ta yi yawa ƙwarai, ɗigon yana riƙe ruwansa, gishirin bai yi kauri ba, birus yana samun sauƙi. In laima tsaka-tsaki ce, yana zaune cikin ruwan gishiri mai ƙarfi na tsawon lokaci, a nan ya fi saurin lalacewa. In kuwa iska ta bushe ƙarau kamar tamu ta hunturu, ɗigon yana wuce wancan mataki da gudu: gishirin ya ware ya daskare gefe guda, birus ya saura a cikin busasshen furotin. Yawancin sauye-sauyen da ke lalata abu suna bukatar ruwa. In babu ruwa, sai su yi sanyi. Dalilin da ya sa kilishi ke kai watanni, busasshiyar kuɓewa ta kai wata shekarar, shi ne dai yake aiki a nan.

In aka zana daɗewar birus a kan takarda sai ta fito da siffar ƙwarya: baki biyu a sama, tsakiya a ƙasa. A 2010 wasu masu bincike a Amurka sun ɗiga dangin korona biyu na dabbobi a kan ƙarfe, suka ajiye a laima kashi 20 da 50 da 80. A kashi 20 suka fi daɗewa, har kwana 28 a sanyin digiri 4, kuma kashi 50 ya fi kashi 80 kashe su. A 2012 Linsey Marr da abokan aikinta a jami'ar Virginia Tech suka ga irin wannan siffa ga birus ɗin mura. A 2021 aka sake gani ga korona kanta: a digiri 10 da laima kashi 40 sai an wuce awa 24 kafin rabinta ya lalace, a digiri 27 da laima kashi 65 kuwa kusan awa ɗaya da rabi ya isa.

Ba kowane birus ke bin ƙwaryar nan ba. Tun 1961 wani mai bincike a Ingila, Harper, ya nuna cewa a cikin iska birus ɗin mura ya fi son bushewa, na shan inna kuma ya fi son laima mai yawa.

Wato hunturu ne ya fi haɗari?

Ga masu rigar maiƙo, e, domin a hunturu abubuwa biyu ke haɗuwa, bushewa da sanyi. Sanyi shi kansa mai adanawa ne. A gwajin da aka yi a Hong Kong a 2020, korona a cikin ruwa ta yi kwana 14 a digiri 4 tana nan ba ta mutu ba, a digiri 70 kuwa minti 5 ya gama da ita. A 2007 a birnin New York an ajiye ɓerayen masar masu mura kusa da masu lafiya: cutar ta fi yaɗuwa a laima kashi 20 zuwa 35 da sanyin digiri 5, ta tsaya a laima kashi 80, ta kuma tsaya a zafin digiri 30.

Sai a ƙara da abin da hunturu ke yi wa jikinmu. Cikin hanci akwai majina da wasu ƙananan gasu da ke tura datti waje. Busasshiyar iska da ƙura suna kassara wannan aikin. Sannan kowa ya shige ɗaka ya rufe ƙofa da taga, a kwana mutum shida ko bakwai a ɗaki guda.

Bazara daban take. Iska na nan a bushe, amma zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 yana yi mana aiki. Teburin mai shago da ke bakin titi da azahar ba wurin daɗewar birus ba ne. Kada dai a ɗauka bazara ta tsarkake gari, don ƙyanda da sanƙarau lokacinsu ke nan. Su daga numfashin wani zuwa na wani suke bi, ba sa jiran tebur.

An ce majina tana kare birus. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma abin ya fi ƙarfin yadda ake zato. A 2008 a Janeba ta ƙasar Suwizalan an ɗiga birus ɗin mura a kan takardun kuɗi. Shi kaɗai ya kai kwana 3. Da aka gauraya shi da majina ya kai kwana 17. A 2018 kuma wani bincike a Amurka ya yi amfani da ruwan da ke fitowa daga ƙwayoyin hanyar numfashin mutum, sai aka ga birus ɗin ya jure a kusan kowace laima da aka gwada, ƙwaryar nan ta kusa shafewa. Furotin ɗin majina yana lulluɓe shi, ya tare masa gishiri.

Wannan ya sa nake ƙin ganin mutum ya fyace hanci da yatsu ya goge a jikin bango ko ginshiƙin rumfa, ko ya tofar da kaki inda yara ke rarrafe. Ɗan feshin da ke fita wajen magana da gudan majina ba ɗaya ba ne. Mai mura ya riƙe hankici ko takarda, in ya gama ya wanke hannu.

Ina ruwan kanwa da tsami da wannan magana?

Masana suna da ma'aunin tsami da kanwa daga 0 zuwa 14. Ruwa mai kyau yana kan 7, ruwan lemun tsami wajen 2, ruwan kanwa wajen 10 ko sama. Yawu yana kusa da 7 a cikin baki, kuma abin da ke riƙe shi a nan shi ne iskar kabon da ke da yawa a numfashinmu, kusan ninki 100 na wadda ke waje. Da ɗigo ya fito, iskar kabon ta fice daga cikinsa, sai ya karkata wajen kanwa, ya doshi 10. Masu bincike a jami'ar Bristol ta Ingila sun nuna a 2022 cewa wannan karkatar tana cikin abubuwan da ke lalata korona, har ta rasa kusan kashi 90 na ƙarfinta cikin minti 20 a iska. A 2024 suka ƙara nuna cewa in iskar kabon ta taru a ɗaki, ko da ninki biyu ne kawai na ta waje, karkatar tana raguwa, birus ya ƙara daɗewa. Wasu kuma a Suwizalan sun nuna cewa ɗigo mafi ƙanƙanta na iya shan tsami daga iska, kuma birus ɗin mura ba ya jure tsami kamar yadda korona ke jurewa.

Waɗannan gwaje-gwajen a kan ɗigon da ke shawagi a iska aka yi su. Amfaninsu gare mu a fili yake: aji mai ɗalibai 80 da tagogi a rufe yana tara birus, yana kuma tara iskar da ke tsawaita masa kwana. Ni ko da sanyi ba na yarda a rufe tagogin ajina duka.

Wane irin kaya ne ya fi riƙe birus?

Mai santsi wanda ba ya shan ruwa: roba, gilashi, kwanon silba, fuskar waya. Wanda ke tsotse ruwa, kamar yadi da takarda da kwali da katako marar fenti, yana janye ɗigon ya watsa shi cikin zarensa, birus ya maƙale, ko bai lalace ba da wuya ya dawo kan yatsa.

Lambobin da aka fi sani su ne na Maris 2020 daga Amurka: korona ta kai awa 72 a kan roba da ƙarfe marar tsatsa, awa 24 a kan kwali, awa 4 kacal a kan jan ƙarfe, domin shi jan ƙarfe yana sakin sinadaran da ke farfasa birus. Na mura, tun a 1982 aka auna shi: awa 24 zuwa 48 a kan ƙarfe da roba, ƙasa da awa 12 a kan yadi da takarda, a fatar hannu kuwa cikin minti 5 yawancinsa ya tafi. A riƙa tunawa cewa lambar ƙarshe tana nufin lokacin da aka daina samun komai. Tun kafin a kai can, mafi yawansa ya riga ya lalace.

Ni ɗan kabu-kabu ne, wuni nake ina karɓar kuɗi. In ji tsoro?

Ɗan'uwa, kada ka ji tsoro, ka dai gyara al'ada ɗaya ko biyu. Labarin da ya zagaya a waya cewa korona na kai kwana 28 a kan kuɗi, gaskiya ne an yi gwajin, a Ostareliya a 2020, a kan gilashi da ƙarfe da kuɗin takarda da na leda irin ƙananan naira da ke shigo mana ta Ɗan Isa. Amma a cikin duhu aka yi shi, a digiri 20, da birus mai yawa. A gwajin nan dai, da aka ɗaga zafi zuwa digiri 40, wasu kayan ba su kai kwana guda ba. Takardar kuɗin da ta wuni a aljihunka a rana ba ta cikin wancan hali.

Abin da za ka bari shi ne lasar yatsa wajen ƙirga kuɗi, da riƙe takarda a baki kana neman canji. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci.

To wai ta kaya ake kamuwa, ko ta iska?

Ya danganta da cutar. Ga korona, iska ce babbar hanya. A Afrilu 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa taɓa abin da birus ɗin ke kai sau ɗaya yana kawo kamuwa ƙasa da sau 1 cikin 10,000. Tun da aka sami mutum na farko mai cutar a Nijar ranar 19 ga Maris 2020, mun ga ana feshin tituna da bangaye, alhali ƙarfin ya fi dacewa a sa shi wajen buɗe ɗakuna da rage cunkoso. Ƙyanda ma ta iska ce, tana iya zama a ɗaki har awa 2 bayan mai ita ya fita.

Amma kada wannan ya sa a raina hannu da kaya. Wani bincike da aka yi kan ɗaliban likitanci a Ostareliya ya ƙirga cewa suna taɓa fuskarsu kusan sau 23 a awa guda. Ga cututtukan da ke bi ta kashi zuwa baki, hannu da kwano da ƙasan ɗaki su ne hanyar kanta.

Malam, me ya sa yarana ke zawo da sanyi, alhali ba damina ba ce?

Hajiya, sau da yawa rota ne. Mun saba haɗa zawo da ruwan damina, kuma da gaskiya, don kwalara da danginta lokacinsu ke nan. Shi rota a ƙasarmu ya fi tashi bayan ɗaukewar ruwa, cikin watannin sanyi. Ba shi da rigar maiƙo. Gwajin da aka yi a Kanada a 1986 ya nuna yana kai kwana 10 a kan abu mai santsi idan laima ƙasa take ko tsaka-tsaki, laima mai yawa ce ke saurin lalata shi a zafin ɗaki. A hannu yana kai awa 4. Kashin yaro mai ciwon yana ɗauke da birus da ba ya ƙirguwa, kuma ɗan kaɗan ya isa ya kama ƙaninsa.

Don haka fo, da tabarmar da yaro ya ɓata, da butar da aka yi masa tsarki da ita, da hannun wadda ta yi tsarkin, su ne wuraren lura. Ba a cewa ya bushe a bari. A kwashe kashin a zuba a masai, a wanke wurin da sabulu, a bi da ruwan Javel mai kashe ƙwayoyin cuta, a kai tabarmar rana. Yaron kuma a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun zawo na farko, a ci gaba da ba shi nono, in ya ƙi sha ko idonsa ya faɗa a garzaya asibiti.

Akwai abin da ya kamata kowane ɗan jihar nan ya sani. A Madarunfa aka gwada rigakafin rota mai jure zafi, wanda ba ya lalacewa da wuri in babu firji. Cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitocin MSF ce ta gudanar da gwajin da jarirai kusan 3,500, aka buga sakamakon a 2017: ya rage zawo mai tsanani na rota da kusan kashi 67 cikin 100. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Iyayen ƙauyukanmu ne suka miƙa ƴaƴansu aka yi wannan aikin. Rigakafin rota yana cikin waɗanda ake ɗiga wa jarirai a baki wajen awo, kada a tsallake shi.

Jinin da ya bushe a aska fa?

Nan ne "ai ya bushe" ya fi ba ni tsoro. Birus ɗin ciwon hanta nau'in B yana kai aƙalla kwana 7 a cikin busasshen jini yana nan da ƙarfinsa, ko da jinin bai kai ido ya gani ba, kuma ya fi na sida saurin kamawa ninki 50 zuwa 100. Ƙasarmu tana cikin inda ciwon ya yi yawa, mutum na iya ɗauke da shi shekaru bai sani ba.

Ina girmama wanzamai da masu aski da masu yankan farce, sana'a ce ta gado da rufin asiri. Roƙona gare su: reza sabuwa ga kowane mutum, a ɓare ta a gabansa. Abin da ba a iya yarwa, kamar aska da almakashi da ƙaho, a wanke da sabulu tukuna don a cire jinin da maiƙon, sannan a tafasa minti 20 ko a jiƙa minti 10 a ruwan Javel mai ƙarfi. Gogewa da tsumma, ko gilma wutar ashana sau ɗaya, ba ya wadatarwa. A gida ma kowa da rezarsa da buroshinsa. Rigakafin wannan ciwon yana cikin allurar da ake yi wa jarirai a sati 6 da 10 da 14.

Shanya kaya a rana yana da amfani?

Ƙwarai. A wani gwaji na 2020 da haske irin na rana tsaka, kashi 90 na korona da ta bushe cikin yawu a kan ƙarfe yana lalacewa duk bayan kusan minti 7. Katifa, darduma, bargo, tabarma, a fitar da su. Hasken sai ya faɗa a kan abin kai tsaye, a kuma juya ɗaya gefen. Gilashin taga yana tare yawancin ɓangaren hasken da ke wannan aiki, hazo mai kauri ma yana rage shi.

Na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa, da kilim, wanne ya fi?

Ta wannan fuskar, mai ruwan. Tana ƙara laima, ta ɗaga ɗakin daga bushewar kashi 15 zuwa tsakiya, hanci ya huta, kuma ba ta aiki da kyau sai an bar taga a buɗe. Masana da yawa suna ba da shawarar laimar ɗaki ta zauna tsakanin kashi 40 da 60. A dai riƙa zubar da ruwan da ya kwana a cikinta ana wanke tankin, don ruwa mai ɗumi da ya daɗe gidan bakteriya ne.

Kilim yana sanyaya iska, ya busar da ita, kuma sai an rufe ɗakin ruf. Hunturu ke nan aka ƙera a cikin ofis. Masu aiki a irin waɗannan wurare su riƙa buɗe ƙofa da taga lokaci-lokaci.

Da me za a goge kaya, kuma yaya ake haɗa ruwan Javel?

Farko sabulu ko omo da ruwa. Ga gidan da ba marar lafiya, wannan ya isa. Ko za a sa magani, sai an fara wankewa, domin majina da jini da maiƙo suna cinye ƙarfin Javel kafin ya kai ga birus.

An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma a wannan aikin a ɗauko mudun. A duba jikin kwalbar. In an rubuta kashi 2.6, a zuba awo 1 a cikin awo 25 na ruwa, shi ne haɗin kashi 0.1 na goge tebur da mariƙin ƙofa, a bar wurin a jiƙe aƙalla minti 1. Na jini da kashi da amai ya fi ƙarfi, kashi 0.5: awo 1 a cikin awo 4 na ruwa, a bar shi minti 10. A hunturu ruwan yana bushewa kafin lokacin ya cika, sai a ƙara jiƙawa. A haɗa na yini guda kawai, a ajiye a inuwa inda yara ba sa kaiwa, kada a zuba shi a gorar ruwan sha, kada kuma a gauraya shi da wani maganin wanke masai, don haɗin yana fitar da iska mai guba.

Man goge hannu mai alkol kashi 60 zuwa sama yana gamawa da masu rigar maiƙo. In akwai mai zawo a gida kuwa, ko hannu ya yi datti a fili, a koma ga sabulu da ruwa mai zuba, a cuɗa har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce na daƙiƙa 20 ko fiye. A butar alwala in aka ajiye guntun sabulu kusa da ita, an sami wankin hannu sau biyar a yini ba tare da an ƙara wa kowa aiki ba.

Masu kaji su ma abin ya shafe su?

Ya shafe su. Duk mai kiwo ya san annobar kaji ta fi ɓarna da hunturu. Birus ɗinta da na murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Nijar a Magarya cikin Fabrairu 2006, suna daɗewa a cikin kashin kaji idan akwai sanyi, kuma keji da buhu da takalmi ke kai su gida-gida. Kazar da aka sayo daga kasuwa a ware ta sati biyu kafin ta shiga cikin na gida, kejin a kankare shi, a wanke, a shanya.

Randar ƙofar masallaci da kofi ɗaya da kowa ke sha, a daina ne?

Kada a daina, sadaka ce mai girma a garin da zafi ke kai inda yake kaiwa. A gyara yadda ake yi. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda tana tsatsa ta jikinta ruwan yana tashi, kuma wuri mai sanyi da inuwa ba ya saurin lalata birus. Matsalar ita ce kofin da ke zuwa baki shi ne ke komawa cikin ruwan, tare da yatsun da suka riƙe shi. Ciwon hanta nau'in E da ya ɓarke a Difa a 2017 ta gurɓataccen ruwan sha ya bi, kuma mata masu ciki ne suka fi rasa rayukansu.

A sa moɗa mai doguwar mariƙa ta ɗiba kawai, a rataye ta, kada ta taɓa baki ko ƙasa. Kofin sha ya zama daban, ya fi kyau su kai biyu ko uku, a wanke su da sabulu safe da yamma a kife su a rana. Randar a rufe ta da faifai ko murfi, a juye ragowar ruwan a wanke cikinta kafin a sake cikawa. Wanda ya sami hali ya sa mata famfo a gindi, ko ya ajiye bokiti mai famfo a gefenta, hannu ya daina shiga ruwan gaba ɗaya.